Tafinta Ga Tsohuwa

A Kotka, bakin teku,
inda ake dafa itace har ya zama takarda,
akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙasa, bayan tukunyar tururi.
Kwamfuta ce, launin haƙorin mashayin taba.
Shekara talatin tana auna kowane naɗi
kafin a ɗora shi a jirgi.
Ba ta nemi hutu ba, ba a kuma ba ta ba.

Aka ce wa Tuulikki Rautio:
ofishin sama ya koma sabon harshe,
tsohuwa ba ta ji. Samo mata tafinta.

Tafintan da aka gama ɗinkawa
ƙofarta ta yi masa kaɗan.
Sai dai a shigo da shi a warwatse, tushe zalla,
fayil dubu biyu da 'yan kai,
a harhaɗa a gabanta
da allurar da ta saba riƙewa.

Ƙarfe huɗu, rana ta riga ta tafi gida.
Tuulikki ta cire safar hannu, ta ba da umarni.
Baƙaƙe suka gangaro a koren allo
kamar tururuwa sun ji sukari.
Minti arba'in.
Sai tsit.
Layi na ɗari biyu da sha ɗaya:
ban san wannan kalmar ba.

Gaskiyarta.
An haifi kalmar bayan an daina kai mata labari.
Tuulikki ta sassaƙa wata, ta cusa a gurbin.
Aka tashi, aka sake faɗuwa gaba kaɗan:
sunan fayil ya fi bakina tsawo.
Ta datse sunan.
Ƙwaƙwalwata ta cika.
Ta kashe duk abin da ke motsi,
har agogon wasan da ke kusurwar allo.

Kofi na uku ya huce a hannunta.
Sama da kanta injin na nishi,
bene na rawa, cokali na tafiya shi kaɗai a kan tebur.

Wajen ɗaya na dare abin ya zama wasan kura.
Tsohuwa ta gina ɗaki, ta waiwaya,
ta ce bai ginu ba, ta rushe, ta sake.
Sau bakwai.
Ba kuskure, ba gargaɗi, ba ƙarshe.
Tuulikki ta zage ta da harshen kakarta,
ta jingina goshi da sanyin ƙarfe.

Tana laluben wuri a faifai, abin da za ta share,
ta ci karo da ɗan fayil, layi huɗu,
mai suna KARANTA.
Veikko Hyvönen ya bari,
wanda ba ta taɓa gani ba
sai kofinsa mai tsaga da har yanzu ba a jefar ba:

Kai da ka zo bayana,
agogonta ya tsaya a shekarar da aka kawo ta.
Duk abin da ka ba ta, gani take daga gobe ya zo.
Faɗa mata ranar yau, sannan ka roƙe ta.

Tuulikki ta yi dariya ita kaɗai a ƙarƙashin ƙasa.
Ta rubuta rana, wata, shekara,
kamar mai gaya wa maras lafiya
tsawon barcin da ya yi.

Tururuwa suka dawo.
Wannan karon ba su waiwaya ba.

Shida saura, motar share ƙanƙara na kankare titi,
allo ya tsaya, ɗigo ɗaya na ƙiftawa, yana jira.
Ta tambaya a sabon harshe: biyu a tara da biyu?
Tsohuwa ta yi jim, fankarta ta ja numfashi.
Huɗu.

Ba wanda ya tafa.
Naɗin farko na safe ya hau sikeli,
nauyinsa ya haura bene da ƙafarsa.

Kafin ta ɗauki jaka
ta buɗe fayil ɗin Veikko, ta ƙara layi na biyar:
Batirin agogon ne. Ban samu irinsa ba.
Ta wanke kofinsa, ta kife.